Ƙazantar da Ido Ba Ya Gani: Zuƙe Iska, Harbin Ayon da Siririn Shafe

Allon waya, da gilashin tabarau mai hana ƙyalli, da ƙwaƙwalwar kwamfuta, da madubin na'urar hangen taurari, abu ɗaya ya haɗa su. A kan kowannensu akwai wani siririn shafe, wani lokacin hawa-hawa, wanda sau da yawa kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 500 na silin gashi ba. Galibinsa a cikin tukunyar ƙarfe ake yinsa, rufaffiya ruf, wadda aka zuƙe wa iska, inda ake sakin ƙwayoyin zarra su sauka a kan abin da ake so a shafe. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka cewa zuƙe iskar share fage ne kawai: a kunna famfo, a jira, sannan a shiga kimiyya ta gaske. A ganina ba haka abin yake ba. Ragowar abin da famfo ya kasa fitarwa yana shiga cikin shafen, yana sauya halinsa, wani lokacin ma shi ne yake haifar da sakamakon da ake murnar an gano. Wanda bai san cikin tukunyarsa ba bai san abin da ya ƙera ba.

Tarihin abin ya daɗe. A 1643 Torricelli, ɗan Italiya, ya kifa bututun gilashi cike da zaiba a cikin kwano, zaibar ta sauko ta tsaya a tsayin milimita 760, ta bar fili a sama. Daga sunansa aka samo ma'aunin da ake kira tor, kuma matsin iskar da muke rayuwa a cikinta tor 760 ne. A shekarun 1650 Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, ya haɗa ƙoƙuna biyu na jan ƙarfe ya zuƙe iskar ciki, dawakai suka ja ta nan suka ja ta can, suka kasa raba su. Amma famfunan da suka buɗe ƙofar binciken yau sai a ƙarni na 20 suka zo: na Wolfgang Gaede mai aiki da tururi a 1915, da na Willi Becker a 1958, mai fukafukai jeri-jeri da ke dukan ƙwayoyin iska suna kora su waje. Ƙanana daga cikin irin na Becker suna juyi har sau 90,000 a minti ɗaya.

Sai mu duba lissafi, domin a nan gizo ke saƙa. A cikin wuri mai faɗi da tsawo da zurfin santimita ɗaya-ɗaya, iskar ɗaki tana ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan 25 sau biliyan. A matsakaici, ƙwaya ba ta tafiyar da ta wuce nanomita 70 kafin ta yi karo da 'yar'uwarta, nanomita kuwa kashi 1 ne cikin biliyan na mita. Idan aka sauke matsin zuwa kashi 1 cikin miliyan na tor, wanda shi ne abin da tukunya mai kyau take kaiwa cikin 'yan sa'o'i, ƙwaya za ta iya tafiyar mita 50 ba ta gamu da kowa ba. Da jin haka sai mutum ya ce ai shi ke nan, wuri ya zama fayau. Ina! Har yanzu akwai ƙwayoyi wajen biliyan 30 a cikin wannan ɗan wurin, kuma ba a tsaye suke ba, gudu suke yi na ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa, suna dukan duk abin da suka tarar. A wannan matsin, in ka tsaftace fuskar ƙarfe tas, daƙiƙa ɗaya ko biyu sun isa baƙin ƙwayoyi su lulluɓe ta gaba ɗaya, matuƙar duk wadda ta sauka ta manne. Sai an sake sauke matsin sau 10,000, zuwa kashi 1 cikin biliyan 10 na tor, kafin lokacin ya miƙe ya kai sa'o'i kaɗan. Ko a can ɗin ma akwai ƙwayoyi kusan miliyan 3 a kowane santimita. Wato abin da mai bincike yake saya da kuɗin famfo da kwanakin jira lokaci ne: 'yan sa'o'in da fuskar samfurinsa za ta zauna da tsafta har ya gama awo.

Ga misali a kusa. A ce ana shafa taitaniyom a kan faifan silikon, ana ƙara kaurin nanomita 1 a kowace daƙiƙa 10, abin da ba baƙo ba ne a ɗakunan bincike. Matsin tukunyar kashi 1 cikin miliyan na tor ne, kuma mafi yawan abin da ya rage a ciki tururin ruwa ne. In aka lissafa, kusan duk zarrar taitaniyom ɗaya da ta sauka, ƙwayar ruwa ɗaya ma ta sauka tare da ita. Shi kuwa taitaniyom mayen oksijin ne, ba ya gani ya ƙyale. Abin da zai fito daga tukunyar zai yi ƙyalli, za a rubuta masa suna taitaniyom a jikin kwali, amma cike yake da oksijin, kuma yadda yake ɗaukar lantarki ba zai yi daidai da abin da ke cikin littafi ba. Masu aikin sun san wata alama: da zarar an fara turara taitaniyom sai a ga ma'aunin matsi yana sauka maimakon ya hau, domin ƙarfen da ke mannewa a bango yana haɗiye ragowar iskar. Shi ya sa gwanaye sukan bar murfi a kan samfurin na ɗan lokaci, su bar ƙarfen ya share tukunyar tukuna, sannan su buɗe.

To daga ina wannan ragowar take fitowa, alhali famfo bai daina aiki ba? Daga bango. Iskar da ke tsakiyar tukunya cikin mintuna take fita. Ruwan da ya manne a jikin ƙarfe lokacin da aka buɗe tukunyar shi ne mai taurin kai: a hankali yake saki, kaɗan-kaɗan, har tsawon makonni. Maganinsa gashi. Ana naɗe tukunyar da igiyoyin hita, a lulluɓe ta da takardar alminiyom don zafi ya game ko'ina, a riƙe ta a digiri 150 zuwa 250 na kwana ɗaya ko biyu ko fiye, famfo yana ja. Duk lungun da aka manta ba a ɗumama ba, can ruwan zai gudu ya taru, ya dawo bayan an huce. In ruwa ya tafi, sai haidurojin ya karɓi fage, wanda shi tun a masana'anta ya shige cikin naman ƙarfen, yana tsattsafowa sannu a hankali. An gudu ba a tsira ba, sai dai an rage.

Saboda gashin nan ne roba ba ta da wurin zama a irin wannan tukunya. Mahaɗar da aka fi amfani da ita, wadda kamfanin Varian ya fito da ita a farkon shekarun 1960 da sunan ConFlat, bakuna biyu ne na ƙarfe mara tsatsa, kowanne da kaifi a zagaye, a sa zoben jan ƙarfe mai laushi a tsakani. Ana ɗaure notocin da sifana kaɗan-kaɗan, bi da bi, ana zagayawa ana dawowa, har kaifin ya nutse cikin zoben daidai ta kowane ɓangare. Zobe ɗaya, ɗauri ɗaya. In an kwance sai sabo. Silin gashi guda da ya gitta a kan kaifin ya isa ya ɓata aikin mako. Haka tambarin yatsa: maiƙon da ke ciki zai yi ta turara. Ba a sa tagulla mai tutiya a ciki, domin tutiya tana tashi in ta ji zafi ta bi ko'ina ta manne. Hatta sukurun da ake ɗaurawa a ciki akan huda shi ta tsakiya, don kada iskar da ta maƙale a ƙarƙashinsa ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan ta sa a yi ta neman yoyon da babu shi.

In kuwa yoyon na gaske ne, akwai na'urar da ke tantance ragowar iska bisa nauyin ƙwayoyinta, kuma mai aikin yana karanta ta yadda likita ke karanta sakamakon gwaji. Lamba 18 ruwa ne, 2 haidurojin. In 28 da 32 suka tashi tare, ta farko ta ninka ta biyu wajen sau 4, to naitirojin da oksijin ne a ma'aunin da suke a sarari, iskar waje tana shigowa ke nan. Sai a ɗauko hiliyom, wanda ƙwayarsa ƙarama ce kuma kusan babu shi a iska, kimanin kashi 5 ne kawai cikin miliyan. A riƙa fesa shi da siririn bututu a kan kowace walda da kowace mahaɗa, ana farawa daga sama saboda tashi yake yi, ido yana kan na'ura, har a zo inda za ta yi ƙara. Wannan dabara ta samo asali ne daga aikin tace yuraniyom na Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda Alfred Nier ya ƙera na'urar.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai awo ya riƙe. Har zuwa ƙarshen shekarun 1940, duk ƙoƙarin da aka yi, ma'aunin matsi ba ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin miliyan 100 na tor. Da yawa suka ɗauka iyakar famfo ke nan. Ashe ma'aunin ne yake yaudarar kansa: elektron ɗin da yake harbawa suna haifar da hasken eksire mai rauni, hasken yana dukan faffaɗan ƙarfen da ke tattara ayon, wato zarra mai caji, yana fitar da lantarkin da ake karantawa a matsayin iska. A 1950 Robert Bayard da Daniel Alpert, a kamfanin Westinghouse, suka mayar da faffaɗan ƙarfen siririyar waya a tsakiya, yadda hasken ba zai same ta sosai ba. Nan take aka ga matsin da ya fi wancan ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Mai yiwuwa wasu tukwanen sun daɗe suna kaiwa can, ba wanda ya sani. Kimiyyar fuskar abubuwa, irin wadda ake yi yau, kusan daga wannan waya ta fara.

Hanyoyin shafen kansu ba su da wuyar fahimta. Ta farko ita ce a narka abu har ya yi tururi, tururin ya tafi kai tsaye ya daskare a kan samfur. Da ita Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya yi shafen hana ƙyalli a 1935, da irinta kuma aka shafa wa madubai 18 na na'urar hangen James Webb zinariya mai kaurin nanomita 100, wadda dukanta kimanin giram 48 ce kawai. Ta biyu ita ce fallatsawa, wadda William Grove ya fara lura da ita a 1852: a saka ɗan iskar agon a tukunya, a kunna mata lantarki ta zama ayon, wato zarra mai caji, ayon ɗin su riƙa dukan faifan abin da ake so a shafa, kamar a jefa dutse cikin tarin tsakuwa, 'ya'yan tsakuwar su yi tsalle su faɗa gefe. Ta uku ta Alfred Cho da John Arthur ce, a ɗakunan binciken Bell a ƙarshen shekarun 1960, inda ake gina kiristal a hankali, kusan layin zarra ɗaya a daƙiƙa, kuma saboda jinkirin nan ne ba ta yiwuwa sai a tukunya mafi tsafta. Ta huɗu ta Tuomo Suntola ce, ɗan Finland, a 1974: a sako iska ta farko ta manne layi ɗaya ta tsaya da kanta, a kore ta, a sako ta biyu ta haɗu da ta farko, a maimaita. An yi shekaru ana ganinta a matsayin hanya mai nawa da ba ta da kasuwa, sai da transista ta ƙanƙance har shafen da ake buƙata ya koma na 'yan nanomita. A 2007 Intel ya shigar da shafen hafniyom da aka yi ta wannan hanya cikin ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa.

Abin da ya fi wuya shi ne yarda cewa siririn shafe ba ƙaramin yanki ne na babban abu ba. Zinariyar da ke kan madubi da zinariyar da ke cikin curi sunansu ɗaya, halinsu daban. Zarrar da ta sauka a kan wuri mai sanyi, inda ta faɗi nan take tsayawa, sai shafen ya tashi ginshiƙi-ginshiƙi da ramuka a tsakani, ruwa ya samu wurin shiga daga baya. In da zafi, ko in ana ɗan dukanta da ayon tana sauka, sai ta gangara ta nemi gurbi, shafen ya yi ƙarfi. John Thornton ya zana taswirar wannan a 1974, yana nuna yadda zafi da matsin agon suke sauya ginin. Sauyin matsin agon kaɗan yana iya mayar da shafen da ke jan kansa har ya tsage ya koma mai tura kansa har ya kumbura ya ɓare. Wannan bambancin ba koyaushe yake zama matsala ba, wani lokacin shi ne ribar. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa, suka jera baƙin ƙarfe da kuromiyom hawa-hawa, kaurin kuromiyom ɗin wajen nanomita 1, suka ga maganaɗisu yana sauya yadda lantarki ke ratsa jerin, sauyi mai girman da ba a taɓa gani ba. Babu wannan hali a cikin curin ƙarfe ko curin kuromiyom. Stuart Parkin na IBM ya nuna cewa ana iya samunsa ta hanyar fallatsawa mai sauƙin kuɗi, a 1997 ya shiga faifan ajiyar kwamfuta, a 2007 Fert da Grünberg suka karɓi kyautar Nobel.

Ayon kuwa, da yake yana da caji, ana iya tuƙa shi. Lantarki yana ba shi gudu, maganaɗisu yana lanƙwasa hanyarsa gwargwadon nauyinsa, ta haka ake tace wanda ake so daga tarkace. Amma ba ya tafiya sai a wurin da aka zuƙe, in ba haka ba zai yi ta karo ya watse. Babban aikinsa a masana'anta shi ne dasawa: a harba boron ko fosforos ko asenik cikin silikon don a sauya yadda yake ɗaukar lantarki. William Shockley ya nemi rajistar wannan dabara tun 1954. Kyawunta shi ne ana ƙirga abin da aka dasa ta hanyar auna lantarkin da ya shiga, zurfin kuma ƙarfin harbi ne yake yanke shi. Boron da aka tura da folt 100,000 yakan tsaya a zurfin kimanin nanomita 300. Sai dai kiristal yana da tituna. Zarrarsa a jere take layi-layi, kuma ayon ɗin da ya dace da bakin layi yakan zarce can ciki, nesa da inda lissafi ya ce. Abin sha'awa, a kwamfuta aka fara ganin wannan, a lissafin Mark Robinson da Ordean Oen na Oak Ridge a farkon shekarun 1960, gwaji kuma ya tabbatar. Shi ya sa aka saba karkata faifan silikon da digiri 7 kafin a harba.

Kowane ayon da ya shiga yana barin ɓarna a bayansa, yana tumɓuke ɗaruruwan zarra daga gurabensu. Dole a gasa faifan a zafin da ya kai digiri 1,000 na 'yan daƙiƙu don ginin ya koma daidai, ba tare da abin da aka dasa ya yaɗu ba. Michel Bruel, a cibiyar Leti da ke Grenoble, ya mayar da ɓarnar kanta sana'a a farkon shekarun 1990: a dasa haidurojin mai yawa a zurfi ɗaya, a manna faifan da wani, a ɗumama, haidurojin ya taru ya yi ƙananan kumfa, faifan ya tsage daidai wannan layin ya bar siririn yanki na kiristal a kan ɗayan. Babu wuƙar da za ta yi wannan yanka.

Ayon ɗin dai shi ne kuma ma'auni. Gwajin da Geiger da Marsden suka yi a 1909 a ƙarƙashin Rutherford, inda suka harbi siririyar zinariya suka ga wasu ƙwayoyin suna dawowa baya, yau aikin yau da kullum ne. Ana harba hiliyom mai ƙarfin folt miliyan 2 a kan shafe, a auna ƙarfin waɗanda suka dawo. Wanda ya daki zarra mai nauyi yana dawowa da mafi yawan ƙarfinsa, wanda ya daki mara nauyi yana dawowa a raunane, wanda ya shiga ciki kafin ya juyo ya yi asara a hanya. Daga nan ake sanin mene ne a ciki, nawa ne, a wane zurfi. Darajar wannan hanya ita ce lissafinta a fili yake, ba sai an kwatanta da wani samfur ba. Da irinta kumbon Surveyor 5 ya auna ƙasar wata a 1967. A ƙarƙashin gidan tarihin Louvre da ke Faris ma akwai injin harba ayon tun ƙarshen shekarun 1980, wanda da shi aka gano cewa jajayen idanun wani ɗan mutum-mutumi daga Babila ba gilashi ba ne, yakutu ne, kuma ɗan abin da ke gauraye a cikinsa ya nuna daga Bama ya fito.

Amma kowane ma'auni da makantarsa. Wannan hanyar ba ta ganin zarra mara nauyi sosai in tana zaune a kan mai nauyi, alhali oksijin da kabon da haidurojin, waɗanda su ne ƙazantar da ake tsoro, duk marasa nauyi ne. Wata hanyar tana ganin kashi 1 cikin biliyan, amma sai ta haƙe samfurin tana cakuɗa layukan da take aunawa. Ayon ɗin galiyom da ake yanka siririn yanki da shi don dubawa a madubin elektron yana barin galiyom da ɓarna a gefen yankan. Kuma duk samfurin da aka fitar daga tukunya aka ratsa da shi cikin iskar ɗaki zuwa wata na'ura, ya riga ya yafa mayafin ruwa da kabon kafin ya isa. Ba na yarda da sakamakon da ma'auni ɗaya kaɗai ya bayar a wannan fage, ko wane ne ya buga shi.

Duk wannan ya kawo mu ga ciwon da ke damun fagen: ɗakin bincike biyu su bi umarni ɗaya, su sami abu biyu. A 2004 Akira Ohtomo da Harold Hwang suka ba da rahoton cewa in aka ɗora wani oksaid (abin da ya haɗu da oksijin) na lantanom da alminiyom a kan wani na sitrontiyom da taitaniyom, waɗanda duka biyun ba sa ɗaukar lantarki, mahaɗarsu tana ɗauka. Abin gaskiya ne, an maimaita shi a wurare da yawa, har aka gano cewa sai shafen saman ya kai hawa 4 abin yake kunnuwa. Amma an shafe shekaru ana muhawara a kan dalili, domin yawan lantarkin ya danganta ƙwarai da yawan oksijin da ke cikin tukunya lokacin gini. In ya yi kaɗan, kiristal na ƙasa yana rasa nasa oksijin ɗin, guraben da aka bari su ma suna ɗaukar lantarki, sai a kasa bambance sabon abu da tsohuwar ɓarna.

Da yake kowa ya san cewa kowace tukunya da halinta, wannan gaskiyar tana iya zama mafaka. Tsakanin 2000 da 2001 Jan Hendrik Schön na ɗakunan binciken Bell ya yi ta buga sakamako masu ban mamaki, waɗanda yawancinsu sun dogara ne a kan wani shafen oksaid na alminiyom da ya ce yana fallatsawa da wani inji a Jami'ar Konstanz. Ƙungiyoyi da dama suka gwada, nasu shafen yana ƙonewa tun kafin a kai ƙarfin lantarkin da ya ambata. Da yawansu kansu suka zarga, suna cewa wataƙila injinsa yana da wani sirri da nasu ba shi da shi, kuma a wannan fage zargin ba na wauta ba ne. Abin da ya tona asiri ba tukunya ba ce: an lura cewa zanen sakamako iri ɗaya, har da ƙananan karkacewarsa, ya fito a takardu daban-daban a kan abubuwa daban-daban. A Satumban 2002 kwamitin da Malcolm Beasley ya jagoranta ya same shi da laifi a 16 daga cikin zarge-zarge 24, mujallun Science da Nature suka janye takardunsa.

Darasin da nake gani a nan na rubutu ne. Takarda takan ba da shafuka ga sakamako, ta ba da layi biyu ga yadda aka yi samfurin. A faɗi matsin da tukunya ta kai, ba a faɗi ko ruwa ne ya rage ko haidurojin ba, alhali lamba ɗaya ce amma sakamakon ba ɗaya ba. Ba a faɗi abin da aka shafa a tukunyar kafin wannan ba, ko tsufan faifan da ake fallatsawa, ko inda aka manna ma'aunin zafi, wanda yana iya saɓa wa ainihin zafin samfur da digiri masu yawa. Mafi yawan wannan sani yana kan ma'aikatan da ke kula da injinan, waɗanda sunansu ba kasafai yake hawa kan takarda ba, kuma in sun yi ritaya yakan bi su. Masana'antun ƙwaƙwalwar kwamfuta sun daɗe da gane haka, shi ya sa Intel ya ɗauki tsarin kwafe masana'anta sak, har da irin bututu da tsawonsa, in zai buɗe wata.

Inda abubuwan uku, wato zuƙe iska da harbin ayon da siririn shafe, suka haɗu a wuri ɗaya, kuma suka ci karo da iyakarsu, shi ne LIGO, na'urorin nan biyu na Amurka da suka fara jin girgizar sararin samaniya a ranar 14 ga Satumba, 2015. Kowace tana da hannaye biyu masu tsawon kilomita 4, an zuƙe su zuwa kashi 1 cikin biliyan na tor, bayan an gasa bututun wajen wata guda ta hanyar tura lantarki cikin jikin ƙarfen kansa. Motsin da suka auna ya gaza faɗin furoton, ƙwayar da ke tsakiyar zarra, sau ɗaruruwa. Madubansu masu nauyin kilo 40 an shafa musu layuka bi da bi na silika da oksaid na tantalom mai ɗan taitaniyom, ta hanyar fallatsawa da harbin ayon, a wani ɗakin bincike da ke Lyon, kuma hasken da shafen yake haɗiyewa bai kai kashi 1 cikin miliyan ba. Duk da haka, a tsakiyar zangon da na'urar ta fi ji, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke hana ta jin nesa shi ne shafen nan: zafin ɗaki kawai yana sa zarrarsa motsi, fuskar madubin tana rawa. Ana gwada oksaid na jamaniyom mai taitaniyom, da silikon mara tsarin kiristal, da shafen kiristal na galiyom da asenik da alminiyom. Wasunsu sun nuna kyau a kan ƙananan samfura, sai dai madubin LIGO faɗinsa santimita 34 ne, kuma shafen da ya yi kyau a kan ɗan ƙaramin faifai sai an sake koyon yadda za a yi shi da kauri ɗaya, ba tabo ba kumfa, daga wannan gefen madubin zuwa wancan.